Ajin Tabarma a Bukkoki

Duk shekara idan aka zauna rabon azuzuwa, sai wani a cikinku, ku sababbin malamai, ya ce a ba shi ajin farko, se-i, wai ya ɗan huta. A ganinsa me ke ciki, ai waƙa ce da tafi da koya wa yara zana sanda a allo. Ina jinku, ba na tanka muku, don na san mako biyu kawai za ku yi murya ta dushe, ku dawo kuna neman wanda zai yi musanya da ku. Ni Hajara, wadda duk Arlit ke ce wa Madam Hajo, shekara talatin da ɗaya na yi a wannan ajin, ban taɓa roƙon a canza mini ba. Tunda yau kun zo gaishe ni, kun kuma sha shayina, sai ku haƙura ku ji yadda aikin yake.

Gyaran allo shi ne abu na farko da aka koya mini, tun kafin a bar ni in buɗe baki gaban yara. Allonmu siminti ne da aka shafe a jikin bango, kafin ƙarshen shekara ya koɗe ya yi fari-fari, na bayan aji ba ya ganin komai. Fentin da gwamnati ke aikowa kuwa, a shekarun kirki ma sai an yi sa'a. To sai mu bi gidaje mu tara matattun baturan rediyo da na tocila, mu fasa su, mu kwashe baƙin garin da ke ciki, mu daka ya yi laushi. A jiƙa ƙaro ya kwana, a tace, a kwaɓa da garin. Shafi uku ake yi da tsumma, kowanne sai ya bushe sarai kafin a ɗora na gaba, tagogi a rufe, don idan zafi ya busar da shi da sauri tsattsagewa yake yi. Ƙaro ya yi yawa, allo ya yi santsi, alli ya ƙi kamawa. Ya yi kaɗan, duk yaron da ya jingina ya tafi gida da baƙin baya, uwarsa ta biyo shi da faɗa. Sai in yi mako guda baƙin bai fita daga ƙarƙashin farcena ba.

Sai regil, wannan katakon awo da kuke gani kamar ba komai ba. Ban taɓa dukan ɗan kowa da shi ba, tebur nake duka. Kowane yaro da ardwaz ɗinsa, ƙaramin allon hannu, da guntun alli, don sandar alli ɗaya kashi uku nake karya ta. In faɗi abin da za a rubuta, in buga sau ɗaya, kowa ya duƙa. In buga na biyu, alli a ƙasa. Na uku, a ɗaga ardwaz sama. A ɗan lokacin nan da hannaye sittin ke sama ake sanin malami. Dole idonka ya share ajin gaba ɗaya kafin hannu ya gaji, ka ga wanda ya juya harafi baibai, da wanda ya kwafi na maƙwabcinsa, da wadda ta ɗaga allo wayam tana ɓoye fuska a bayansa. Waɗanda suka fara makarantar allo daga dama suke faro rubutu, sai ka yi wata guda kana kamo hannunsu kana mayarwa hagu, ba tare da ka sa sun ji cewa abin da malaminsu na safe ya koya musu kuskure ne ba.

Kuma ku tuna 'ya'yan su wa ake ba mu. Ga ɗan Bakatsine mai shago, ga ɗiyar Bafulatani, ga ɗan Babarbare, ga 'ya'yan Abzinawa da ko "zo" ba su ji da Hausa, an tara mini su an ce in koya musu Faransanci da ba wanda ya taɓa jin uwarsa ta yi shi. Iyayen ma kowa da irin tasa. Wani zai kawo ɗa ya ce, "Madam, ki daka, ƙashi nawa ne, nama naki." Wata kuwa ranar da ɗanta ya dawo da hawaye za ta zo da ɗamara. Duka biyun sai ka ba su wurin zama da ruwa ka saurare su.

Wanda ya koya mini duk wannan shi ne direktanmu, Mushe Abdu, mutumin Tawa, Allah ya jiƙansa da rahama. Na zo daga Damagaram ina 'yar shekara ashirin da ɗaya, da takardar makarantar horon malamai da girman kai cike da jaka. Ranar farko ya shigo ya zauna a bencin ƙarshe, gwiwoyinsa kusan a haɓa, har aka tashi. Ni kuwa na zage na cika allo da rubutu mai kyau. Da yara suka fita ya ce, "Ɗiyata, rubutunki ya yi kyau. To wa kinka koya ma?" Na ce yara mana. Ya ce, "A'a, bango kinka koya ma. Tun da safe ƙeyarki ɗai sunka gani." Ya tashi ya nuna mini yadda ake rubutu a kaikaice, kafaɗa ɗaya wajen allo, ido ɗaya a kan aji. Shekara guda cur yana shigowa yana zama a wannan bencin. Na ji haushinsa ƙwarai a lokacin. Yau ba na idar da sallah ban sa shi a addu'a ba.

A shekarun farko garin na da rai. Ƙarfen uraniyom na da daraja, kamfanonin haƙa na da unguwanninsu da ake kira site, da makarantunsu masu fanka da famfo. Tamu ta gwamnati ce, a Bukkoki, unguwar waɗanda suka zo neman aiki ba su samu ba, ko suka samu na lebura. Duk da haka muna ɗan lasawa: kwalin alli, littattafan rubutu, tankar ruwa sau biyu a mako. Akwai wani kuku a site da ke tara mini marafan kwalba cike da buhu, da su yarana ke koyon ƙirga.

Sai farashin ƙarfen ya faɗi, ya kuma ci gaba da faɗuwa. Aka shiga sallamar ma'aikata. Wanda aka sallama, gidan site ya fita daga hannunsa, gurbin ɗansa a makarantar kamfani ma ya tafi, sai ka gan su sun sauko Bukkoki da katifu a kan amalanke. Ana cikin haka tawaye ya ɓarke a daji. Makarantun karkara suka rufe. Mutanen da babban farin shekarun baya ya riga ya cinye wa dabbobi suka tattaro abin da ya rage, suka kafa bukkokinsu a bakin gari. Hanyar Agadas ba a binta sai a ayari da rakiyar soja. Albashi kuwa, mu dai ce yana zuwa idan ya ga dama. Iyayen yara ne suka rufa mana asiri, wannan ta aiko da tuwo, wancan da gawayi, alhali su ma ba wani abu gare su ba.

Safiyar ɗaukar sababbin yara a wannan shekarar, na fito da tebur da kujera biyu gindin dogon-yaro kamar yadda muka saba. Ina ɗaga kai na ga filin makaranta ya cika har bakin hanya. Ɗaki ɗaya gare ni, mai ɗaukar yara sittin idan an matsa huɗu a benci. Mushe Abdu ya yi ta rubuta sunaye har azahar, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa: ɗari da arba'in da uku. Ya ce wa iyaye kowa ya koma gida tukuna, ba a ɗauki kowa ba, ba a kori kowa ba, sai mun ji daga sama.

A cikin layin nan na fara ganin Tanalher. Ba'abziniya ce daga wajen Dannat, doguwa, siririya, baƙin mayafinta duk ya koɗe, tana riƙe da wuyan hannun wata 'yar mitsitsiyar yarinya mai suna Minata. Hausarta guntu-guntu ce. Ta dafa tebur ta ce da ni, "Madam, ka rubuta shi. Raƙumi ya ƙare, akuya ya ƙare. Shi ya yi karatu." Da ta wuce, Mushe Abdu ya bi ta da kallo ya ce, "Ikon Allah. Da can da bulala ake biɗar ɗiyansu, suna ɓoye su cikin duwatsu. Yau ga uwa ta kawo da hannunta, mu kuma ba mu da wurin sa ta."

Amsar sama ta zo bayan kwana uku a takardar sufeton makarantu. Sabon tsarin gyaran ilimi ne, wai dubul-fulu: malami ɗaya, ɗaki ɗaya, yara kashi biyu, 'yan safe da 'yan yamma, kowane kashi ya samu rabin karatu. Ko in yi haka, ko in ɗauki sittin sauran su koma gida. Doka kuma ba ta yarda a ɗauki yaron da ya wuce shekara takwas ba, saboda haka da yawansu idan suka koma gida bana, sun koma ke nan.

Matsalar ita ce sandika, ƙungiyarmu ta malamai, ta riga ta ba da umarni daga Yamai cewa kada wani ɗanta ya karɓi wannan tsari. Ni ce kuwa wakiliyar sandika a makarantarmu. Ni ke yawo da takardar yajin aiki, ni ke tsayawa a ƙofa in ga wa zai saci jiki ya shiga aji. Baki gare ni a lokacin, ba na raga wa kowa. Har gobe ina ganin sandika na da gaskiya. Dabara ce ta ƙin ɗaukar malamai da ƙin gina azuzuwa, a ba ɗan talaka rabin karatu a rubuta a takarda cewa ya shiga makaranta. Amma wannan gaskiyar ba ta gaya mini abin da zan ce wa iyayen yara tamanin da uku ba.

Ranar Asabar aka yi taro a gidan sandika, wani ɗakin kwano mai benci shida. Na miƙe na faɗi yawan yaran da ke jirana, na ce idan ba a samo wata hanya ba, ni Hajara ranar Litinin zan fara 'yan safe da 'yan yamma, kowa ya yi abin da zai yi. Ɗakin ya kaure. Wani ya ce na ci amana, wani ya ce ai sufeto ne ya yi mini alkawarin kujerar direkta. Wanda ya faɗi wannan ta biyun ya ci sa'a ban zo da regil ba, da shi ne mutum na farko da zai ɗanɗana shi.

Sakatarenmu, Kamarad Lawali, mutumin Maraɗi ne, gajere, mai sanyin magana, ba ya rabo da goro. Ya bari hayaniya ta lafa, sannan ya ce, "Kamarad Hajo, zauna, an ji ki. Ba za ki karya umarni ba, yaran kuma ba za su koma gida ba."

Na ce, "Ta yaya? A aljihunka za ka zuba su?"

Bai kula ni ba. Ya juya ya ce duk malamin da tawaye ya rufe wa makaranta a daji, yake zaune a garin nan ba aji, ya miƙe. Mutum tara suka miƙe. Kullum da safe sukan je ofishin sufeto su sa hannu, su dawo su zauna shan shayi da dara. Lawali ya ce, "An ce a raba yara biyu don babu malamai. To ga malamai." Ɗaya daga cikinsu, Mushe Alhusaini, Ba'abzine da ya koyar a Dannat, ya ce shi zai ɗauki aji na biyu, zaman banza ya ishe shi. A ranar na gane amfanin ƙungiya bai tsaya a cewa a'a ba. Ni kaɗai da bakina, da ban taɓa sanin akwai mutum taran nan ba.

Ranar Litinin mu uku muka je wurin sufeto, ni da Lawali da Mushe Abdu. Mutumin ba mugu ba ne, hannunsa ne wayam. Har kabad ɗin ofishinsa ya buɗe mana mu gani, ba komai sai tsofaffin takardu. Ya ce malami dai ya yarda, amma kuɗin gini ko na ƙusa ɗaya babu. Ayari zai tashi zuwa Agadas ranar Alhamis ta sama, da shi zai aika jerin azuzuwan bana. Idan kafin ranar ya zo ya ga inuwa da allo, zai sa hannu a kan aji na biyu, yara sittin. Idan bai gani ba, takardar farko ce ke aiki. Kwana goma gare mu.

Ku da kuka taso a kudu za ku ce rumfa ai ba wani abu ba ce, a sari kara a gona a kafa. A Arlit wace gona? Ko zana ɗaya daga Tawa take zuwa a mota, a shekarar kuwa damina ba ta yi ba a can, hanya kuma ga yadda take. Muka zagaye kasuwa kaf, zana uku muka samu, su ma gara ta gama da su. Wajen katako dai an dace. Wani Alhaji Bakatsine mai motocin kaya ya ba mu tsohon bodin motarsa. Iyayen yara da aka sallama daga kamfani, kafintoci da masu walda, suka kafa dirkoki cikin yini biyu, a miƙe sak, har da awo da zare. Suka ɗaga guntun bango na laka a gaba, suka shafe shi da ragowar siminti, na yi masa shafi uku. Allo ya samu, saura rufi.

Kwano ba mu da shi, ko da akwai ma gasa yara za a yi. Muka ɗinka buhunan siminti da kwalaye muka shimfiɗa a sama. Ranar Lahadi da la'asar iska ta taso, kafin a ce me, rufinmu ya kama hanyar garin Akokan. Na tsaya ina kallon katako tsirara, saura kwana huɗu. A nan kam na karaya, na kuma gaya wa Mushe Abdu na karaya. Ya ce in je gida in ci abinci.

Talata da hantsi ina tsince guntayen kwali a filin, sai na hango mata tafe a jere. Tanalher ce a gaba, da naɗaɗɗiyar tabarma a ka, doguwa har tana lilo gaba da baya. Bayanta mata goma sha wani abu, kowace da tata. Ba tabarmar zama ba ce, ta rufin bukka ce, saƙar kaba mai kauri, rana ta dafa ta har ta yi ja. Na yi murna, na shiga godiya irin ta wadda aka ara wa tabarma ranar suna. Mushe Alhusaini ya ja ni gefe ya ce, "Madam, ba ki san abin da suka kawo ba. A wurinmu bukka ta mace ce. Uwarta da 'yan uwanta mata ke saƙa mata lokacin aure, ita ce gidanta duk inda ta je har ta mutu. Kowace a cikinsu yau ta buɗe rufin da ke saman shimfiɗarta." Ya ce Tanalher ce ta bi su bukka-bukka, ita ta fara kwance tata.

Matan ba su bari namiji ya sa hannu ba. Suka zagaya aikin kafintocinmu suna dariya, wai wa ya taɓa ganin ɗaki mai kusurwa huɗu ya tsaya wa iska. Suka sa aka sauke katako biyu na sama, suka lanƙwasa dogayen saiwoyin da suka zo da su, suka jera tabarmin ɗaya na hawa kan ɗaya, suka ɗaɗɗaure da igiyar kaba. Kafin la'asar na shiga ciki na tsaya a kan yashi. Ga sanyi, ga haske na shigowa ta ƙasa daidai yadda yaro zai ga ardwaz ɗinsa. A take na ce wa Alhusaini ya ɗauki ɗakin siminti da bencinsa, ni a nan zan zauna.

Laraba da safe sufeto ya zo. Ya shiga, ya fita, ya girgiza dirka, ya yi rubutu a allon ya goge, sannan ya ɗora takarda a gwiwa ya sa hannu. Lawali ya fasa goro ya miƙa masa ɓari. Duk waɗannan mutanen, da Alhajin, da kafintocin da ba su da aikin yi kuma ba su nemi ko sisi ba, da matan nan, ban taɓa iya gode musu yadda ya kamata ba. Yaran da suka zauna a ajin nan, yau akwai malaman asibiti a cikinsu, akwai direbobi, akwai waɗanda ke koyarwa kamar ku.

Sai dai aji biyu yara ɗari da ashirin ne, sufeto kuma na son sunayensu a ranar kafin azahar. Ashirin da uku sai sun jira baɗi. Ƙa'ida ita ce a fara da manya, ƙanana su jira. Masu takardar haihuwa ba wuya, a duba a wuce. Amma yaran daji wa ya yi musu takarda? Su akwai yadda muke yi tun zamanin Turawa. Yaro ya tsaya a miƙe, ya ɗora hannun dama ta tsakiyar kansa ya kamo kunnen hagu. Idan yatsu sun taɓa kunne, ya kai bakwai. Idan ba su taɓa ba, da saura. Na yi wa yara ba iyaka wannan awon kafin ranar, ban taɓa shakkarsa ba.

Aka jera su, ni ke awo, Mushe Abdu na rubutu can a tebur, sufeto na duba agogo. Da aka zo kan Minata, ta ɗora hannu ta miƙa iya ƙarfinta, har tana ɗage a kan yatsun ƙafa kamar hakan zai taimaka. Tsakanin yatsanta da kunnen bai fi faɗin ɗan yatsana ba. Ta fara karkata kai, na miƙar mata da shi da hannuna. Tanalher ta matso ta ce, "Madam, shi babba ne. An haife shi shekara da dabba duka ya mutu."

Na ji ta sarai, amma ban tsaya na auna maganar ba. Abin da ke raina daban ne. Idon mutane na kaina, waɗanda aka mayar da 'ya'yansu suna tsaye, kuma ban so gobe a ce wakiliyar sandika ta sayar da gurbi a kan tabarma. Na ce, "Sai baɗi, in Allah ya kai mu." Na kira na gaba.

Ba ta yi gardama ba. Ta dubi ajin, ta dubi 'yarta, ta gyara mayafi, suka tafi. Na tura Alhusaini ya bi ta ya ce idan tana son tabarmarta a kwance mata, mu za mu san yadda muka yi. Ya dawo ya ce ta ce a bar ta, ai yara za su zauna a ƙarƙashi.

Bayan mako guda muna cike babban rajista ni da Mushe Abdu, muka zo kan takardar ɗan wani mai walda. Uban ya taɓa gaya mini cewa a tsakiyar babban fari aka haifi yaron, ga shi kuwa takarda ta nuna shekara takwas. Sai maganar Tanalher ta faɗo mini, na maimaita wa direkta ita. Ya ajiye bik ɗin da yake rubutu da shi, ya ƙirga da yatsu, ya ce, "Takwas ke nan, Hajo. Yarinyar ga ba ƙarama ba ce. Yunwa ta sha tun a goye, ita ta hana hannun tsawo. Awon ga don ɗiyan da sunka ƙoshi anka yi shi."

Takwas. Wato baɗin da na ce mata babu shi, bana ce shekararta ta ƙarshe. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba a bakin aiki. Tun daga ranar ban ƙara mayar da yaro a kan kunne ba. Uwa nake tambaya me ya faru shekarar da ta haife shi, in zauna in ƙirga. Ku ma ku riƙe wannan. Uwa ba ta san lambar shekara ba, amma ba ta manta abin da ta ci da abin da ta rasa lokacin da take goyo.

Mushe Abdu ya ce, "Jeri ya tafi Agadas, amma yashin ajin yana nan. Je ki ɗauko ta. Sittin da ɗaya ne, in sufeto ya yi magana ni zan amsa."

Ana tashi ko abinci ban tsaya ci ba. Na ɗauki Alhusaini ya yi mini tafinta, muka nufi bakin gari inda mutanen Dannat suka sauka. Ina tafe ina shirya yadda zan ba ta haƙuri. Muka isa inda ya ce nan ne. Ba bukka, sai ramukan dirka a zagaye da duwatsun murhu da toka.

Wata tsohuwa maƙwabciyarta ta fito. Ta ce shekaranjiya suka hau motar kaya zuwa Aljeriya. Mijin Tanalher na can tun bara, ya yi ta aiko mata ta taho, tana ƙi, tana cewa sai yarinya ta shiga makaranta. Da aka ce sai baɗi, ba abin da ya rage mata a Arlit. Na tambaya ko an san garin da suka nufa, tsohuwa ta nuna arewa da haɓa. Daga baya na yi shekaru ina tambayar direbobin hanyar, ban taɓa samun labarinsu ba.

Har mun juya sai tsohuwar ta kira Alhusaini, ta ce Tanalher ta bar saƙo a gaya wa Madam. Na tsaya in karɓi abin da na cancanta. Alhusaini ya saurara, sannan ya fassara mini. Ta ce igiyar gefen gabas ba ta da ƙwari, da sauri aka ɗaura ta. A ƙara mata wata kafin iska ta taso, kada rufin ya faɗo wa yara.

Washegari kafin yara su zo, na taka kujera na ƙara ta da hannuna.